Yadda Ake Zaɓen Takalmi Mai Tauri Don Farautar Kan Duwatsu

Farautar fili daban, farautar dutse daban. Wanda ya saba bin zomo da gafiya a gonakin Gezawa ko Minjibir bayan an kwashe amfani, takalmin danƙo ko kambas ya ishe shi, domin ƙasar a shimfiɗe take kuma gudu ake so, kowa ya ci zomo ai ya ci gudu. Amma ranar da ayari ya ce za a nausa kudu, duwatsun Rano, ko Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ko a tsallaka tsaunukan Ningi a jihar Bauchi, lissafin ƙafa ya canja. A can tafiya a karkace ce ke cin mutum. Za ka yini ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashinka, ga galan ɗin ruwa da guzuri a baya, in Allah Ya ba da sa'a kuma ga nama a hanyar dawowa. Yawancin waɗanda ake saukowa da su a goye ba dabba ce ta taɓa su ba, targaɗe ne.

Kafin a shiga kasuwa ya kamata a fahimci abin da taurin takalmi yake yi. Idan ka ɗora yatsunka ko gefen ƙafarka a kan ɗan tudun da bai fi faɗin yatsu uku ba, takalmi mai laushi lanƙwashewa zai yi, nauyinka duka ya koma kan jijiyoyin tafin ƙafa da sha-raɓa. Ka yi haka tun hantsi har la'asar, ƙafar za ta fara rawa, kuma ƙafa mai rawa ita ke gocewa. Mai tauri kuwa ba ya bin siffar dutse, shi ne ke riƙe ka a miƙe, ko da rabinsa a iska yake. Sannan tsinin dutse ba ya ratsowa ya daki tafin ƙafa. Taurin nan yana fitowa ne daga wani faranti da ake binnewa tsakanin sol da inda ƙafa ke zama, na nailan mai ƙarfi ko na ƙarfe, wani ya tsaya a kashi uku cikin huɗu na tsawon takalmin, wani ya kai har yatsu.

To amma komai da kuɗinsa. Takalmi mai tauri yana da nauyi, ƙafa biyun kan kai kilo 1.5 zuwa 2. Ba ka iya gudu da shi yadda ka saba. Yana da ƙara a kan tsakuwa, wanda mai sanɗar rema ko gada ba ya so. Kuma a kan falalen dutse mai sulɓi, irin wanda ya cika ƙasarmu, wanda ya yi tauri fiye da kima bai kai mai ɗan laushi riƙo ba, domin riƙon falale yana son faɗin roba ya kwanta a jikin dutse. Saboda haka wanda ya fi kowane tauri ba shi ne ya fi kowane kyau ba, ko da mai shago ya rantse.

Mataki na farko: ka san dutsenka, ka san kayanka

Masu ƙera waɗannan takalma a Turai sun kasa tauri aji-aji. 'Yan Ingila suna amfani da B0, B1, B2 da B3. B0 na yawon daji ne, yana lanƙwasa da sauƙi. B1 yana da tauri a tsakiya, yana ɗan ba da kai a wajen yatsu. B2 da ƙyar yake motsi. B3 kuwa ba ya lanƙwasa sam, an yi shi ne domin a ɗaura masa ƙarafan taka ƙanƙara. Kamfanin Meindl na Jamus yana da nasa lissafin, daga A mafi laushi zuwa D mafi tauri, da B/C a tsakani. Sau da yawa ba za ka ga wannan rubutu a jikin takalmin gwanjo ba, amma in ka ga sunan samfurin a harshensa, wato ɓangaren da ke ƙarƙashin igiya, ka buga shi a waya, bayanin zai fito.

Mu ba mu da ƙanƙara. Dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne, tsaunin Shere na kusa da Jos kuma wajen mita 1,829, babu wanda dusar ƙanƙara ke zama a kansa. Don haka B3 da D ka bar wa masu su, ko a kyauta aka ba ka. A ganina, mafaraucin Kano da ke hawan duwatsu da kaya matsakaita B1 ne nasa, ko B/C a lissafin Meindl. B2 sai ga mai jiki, ko wanda ya san zai kwana biyu ko uku a kan tsauni da kayan da suka haura kilo 20, yana yankan gangara a kaikaice. Idan kuma rabin tafiyarka a fadama da gonaki take, dutsen ɗan ratsawa ne kawai, kada ka wahalar da kanka, B0 mai kyau ya fi maka.

Wani abu a gefe, tunda an ambaci wurare: dajin Falgore da Yankari da Gashaka Gumti wuraren da hukuma ta keɓe ne, ba a farauta a cikinsu. Inda aka halatta ma, a bi ta hannun Sarkin Dawa da dagacin yankin, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a tashi.

Mataki na biyu: awon ƙafa

Ka yi shi da yamma, bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta sha zirga-zirga ta ɗan kumbura, domin haka za ta kasance a kan dutse. Ka sa safar da za ka yi farauta da ita, ka tsaya a kan farar takarda, nauyinka a kan ƙafar, wani ya zagaye ta da biro a tsaye. Ka yi wa ƙafa biyun, domin da wuya su zo daidai, kuma babbar ake saya wa takalmi. Ka auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, ka ƙara santimita 1 zuwa 1.5. Ka auna faɗi a inda ya fi buɗewa, wato gindin yatsu. Ka yanke hoton ƙafar da almakashi ka sa a aljihu.

Lamba kaɗai ba abin dogaro ba ce. Tsakanin 42 da 43 a lissafin Turai bai cika milimita 7 ba, kuma 43 ɗin wani kamfani 44 ce a wurin wani. Lambar Ingila da ta Amurka ma ba ɗaya ba ce. Sannan mu da muka tashi cikin silifas da fade, yatsunmu a baje suke, ƙafarmu ta fi ta Bature faɗi. Takalman Italiya irin su Scarpa da La Sportiva da Zamberlan galibi sun fi tsukewa, na Jamus irin su Meindl da Lowa da Hanwag sukan fi sakin wajen yatsu. A na Amurka, in ka ga W ko EE kusa da lamba, mai faɗi ne.

Mataki na uku: kasuwa, da abin da hannu zai gaya maka

Sabon takalmin dutse na asali ba kasafai ake samunsa a shagunan Kano ba, sai dai a yi oda daga waje, kuma kuɗinsa da canjin dala ba na kowa ba ne. Yawancinmu gwanjo muke bi, Kofar Wambai ko Sabon Gari. Gabanin hunturu ake fi samun irinsu. Ka saba da mutum ɗaya, ka nuna masa hoto a waya, ka ce, "Alhaji, in an buɗe dila ka ga irin wannan, lamba 43 ko 44, don Allah ka ajiye min." Da yawa daga cikin masu sayarwa ba su bambanta shi da but ɗin 'yan kamfani, wannan kuma ribarka ce wajen ciniki. Kada ka aiki yaro, kada ka saya ta hoto. Zuwa da kai ya fi aike.

Tun daga nesa ka cire iri biyu daga lissafi. Na farko but ɗin ma'aikata mai ƙarfe a baki. Taurinsa a kan yatsu yake, ba a ƙasa ba, kuma a gangara ƙarfen nan ne zai riƙa dukan farcenka har ya yi baƙi ya fita. Na biyu but ɗin sojoji. An yi shi don fareti da doguwar tafiya, yawancinsa ba ya hana murɗewa, ga shi kuma yana iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya musu ba a shingen bincike, musamman kana ɗauke da adda da karnuka.

Idan ka ɗauki wanda ya yi maka, kada ka yi saurin sawa. Ka riƙe dunduniya da hannu ɗaya, baki da ɗaya, ka matsa kamar za ka ninke shi. Wanda kake nema zai yi gardama, ya ɗan ba da kai a daidai gindin yatsu kawai. In ya karye a tsakiya, ƙarƙashin kwarin ƙafa, ajiye shi, ko dai ba shi da faranti ko farantin ya karye. Sai ka murɗa shi, baki dama, dunduniya hagu. Wannan gwaji ya fi na farko muhimmanci a wurina, domin tafiyar kaikaice a jikin gangara murɗa takalmi take yi. Nagari da ƙyar zai motsa. Daga nan ka matse bayan dunduniya da babban yatsa da manuni. Ya kamata ka ji ƙoƙo mai ƙarfi a ciki wanda ba ya lotsawa. In ya lotse, dunduniyarka za ta yi ta yawo a ciki. Ka ajiye takalmin a kan tebur ko siminti mai daidai, ka duba shi ta baya: in ya kwanta gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ta riga ta karkatar da shi, kuma zai karkatar da kai.

Yanzu ga babban tarkon gwanjo, a nan nake so a dakata. Tsakanin robar ƙasa da fata akwai wani sashe mai ɗaukar duka. A manyan takalman dutse yawanci da sinadarin da ake kira PU ake yin sa, a marasa nauyi kuma da wani soson roba da ake kira EVA. EVA lotsewa yake yi sannu a hankali, kana gani. PU ya fi jure nauyi, amma yana da ciwon ajiya: danshin iska yana cin sa daga ciki shekara da shekaru, zafi yana ƙara masa sauri, kuma takalmin da aka ajiye ba a sawa ya fi saurin kamuwa. Shi ya sa za ka ga takalmi fes, fata ba ko ƙwarzane, haƙoran sol ba su taɓa ƙasa ba, ka ce ka yi tsintuwa, alhali ya shekara 8 ko 10 a ɗakin ajiyar wani Bature. Ka hau dutse da shi, kafin azahar sol ya ɓare, abin da ke tsakani ya marmashe kamar tsohon burodi. Ba gam ɗin da ke gyara wannan, domin abin da za a manna wa gam ɗin ne ya ruɓe.

Yadda za ka kama shi: ka danna farce ko bakin makulli da ƙarfi a gefen wannan sashe, musamman wajen dunduniya. Lafiyayye zai lotsa kaɗan ya dawo. Mai ciwo zai bar rami, ko ya fashe, ko ka ga gari a farcenka, ko ka ji yana danƙo. Ka lanƙwasa takalmin kana kallon gefen, ka ga ko ƙananan tsagogi suna buɗewa. Ka ja bakin sol da dunduniya da yatsa, ka ga ko suna ɗagowa. Ka leƙa takardar da ke cikin harshe, wasu kamfanoni suna buga wata da shekarar ƙira. Mai kaya zai ce maka, "Wallahi Malam ko sau ɗaya ba a sa shi ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce matsalar. Takalmin da aka ɗan taka, haƙoransa suka ɗan ci, sau da yawa ya fi wanda ya yi ta barci a kwali lafiya.

In ka yi dace da wanda aka ɗinke sol ɗinsa da fata ta waje, zare biyu a jere suna zagaye shi, ka riƙe shi da kyau. Irin wannan ko sol ya ƙare, dukawa za su iya sake masa wani.

Mataki na huɗu: sol da fata

Ka juya shi. Haƙoran sol su kai zurfin milimita 4 zuwa 5, da tazara a tsakaninsu yadda laka da tsakuwa za su riƙa zubewa. Dunduniyar ta zama da mataki mai kaifi a gabanta, domin shi ne birkinka a gangara mai burji. Sol ɗin da ya tafi sumul daga baki zuwa baya ba na wannan aiki ba ne. Tambarin da aka fi sani shi ne Vibram, ruwan ɗorawa mai kusurwa 8. Wani mahayin tsauni ɗan Italiya, Vitale Bramani, ya fito da sol ɗin a 1937, bayan abokan hawansa 6 sun mutu a tsaunukan ƙasarsu a 1935, aka ɗora laifin a kan rashin takalmin kirki. Sai dai tambarin ma ana yin jabunsa, kuma robar da ta tsufa tana ƙandarewa ta koma santsi ko ta wane kamfani ce. Ka karce ta da farce: in ka ji tana kama farcen, da sauranta, in kuma ta yi ƙyalli tana zamewa, ta mutu.

Sama kuma fata zalla nake ba da shawara, mai kaurin milimita 2.4 zuwa 2.8, mai ƙarancin ɗinki. Duk layin ɗinki ƙofa ce ga farar ƙaya da kaifin dutse. Masu raga a gefe sun fi shan iska, gaskiya ne, amma ƙarangiya da tsidau za su mayar da su gidansu, ƙura kuma ta cika safa. Ka nemi mai zoben roba da ya zagaye takalmin a saman sol, shi ke karɓar gugar dutse a madadin fata. Harshen ya zama a haɗe da jiki ta gefe biyu har sama, don kada yashi da tsakuwa su shiga.

Tsawo: inci 8 ne tsaka-tsaki, yana rufe idon sawu ba tare da ya takura ƙwauri ba. Inci 6 ya fi sauƙi da sanyi, inci 10 ya fi kariya amma zafi. Kariyar nan ba ta targaɗe kaɗai ba ce. Kububuwa ƙarƙashin duwatsu take kwanciya, kasa kuma ba ta gudu in ta ji tafiya, kuma yawancin sara a ƙafa da idon sawu yake sauka. Fata mai kauri da dogon wando mai nauyi suna rage haɗari ƙwarai, amma kada wani ya ce maka takalmi maganin maciji ne.

Sai maganar ciki. In ka ga an rubuta Thinsulate da lamba irin 200 ko 400 ko 800, takalmin ƙasar sanyi ne, an cusa masa abin ɗumi. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙafarka za ta dahu a ciki. Ko sanyin asubar Janairu bai kai a nemi wannan ba, safa mai kauri ta isa. Gore-Tex kuma wani siririn rufi ne da ke hana ruwa shiga, an gano sinadarinsa a Amurka a 1969. Yana da amfani ga mai zuwa Mambila ko mai ratsa raɓa da rafuka. Amma farautarmu ta rani ce, kuma rufin nan yana fitar da gumi da kyau ne idan waje ya fi ciki sanyi. In na sami biyu a gabana, mai rufin fata a ciki da mai Gore-Tex, na farkon zan ɗauka. In mai Gore-Tex kaɗai ke akwai kuma ya zauna a ƙafa, ba zan ƙi shi ba, sai in ƙara yawan safa a jaka.

Mataki na biyar: gwaji a ƙafa

Duk abin da aka faɗa a baya, in takalmi bai zauna a ƙafarka ba, ya tashi a banza. Mai laushi yakan bi ƙafa bayan kwana biyu. Mai tauri, musamman mai zoben roba, ba ya buɗewa a tsawo ko kaɗan, a faɗi ma ɗan kaɗan ne. Duk wanda ya ce maka "zai saki", sayarwa yake so ya yi.

Ka zaro shimfiɗar ciki ka ɗora hoton ƙafarka na takarda a kai, ko ka taka ta. In ƙafar ta zubo ta gefe, ba naka ba ne. Ka mayar, ka zura ƙafa ba tare da ɗaure igiya ba, ka tura gaba har yatsu su taɓa baki, sannan ka zura manuninka a bayan dunduniya. Yatsa ɗaya ya shiga daidai. In bai shiga ba ya yi kaɗan, in biyu sun shiga ya yi yawa. Sai ka buga dunduniya a ƙasa ta koma mazauninta, ka ɗaure tsaf har sama, ƙafa biyun, ba ɗaya ba.

Ka nemi matakala ko bakin kwalbati. Ka ɗora yatsu kaɗai a gefen, ka ɗaga jikinka. Dunduniya za ta ɗan motsa a sabon takalmi mai tauri, amma kada ta wuce rabin santimita. In tana fita tana komawa, bororo na jiranka a hawan farko. Ka juya ka tsaya da gefen ƙafa, na waje da na ciki, ka ji ko ƙafar na birgima a ciki. Sannan ka nemi gangara, ko da ta hawa babur ce a ƙofar shago, ka sauko da ɗan ƙarfi, ko ka daki ƙasa da bakin takalmin sau uku. Yatsu kada su taɓa gaba. Hawa numfashi yake ci, amma saukowa ce ke cin farce da gwiwa, don haka saboda saukowa ake sayen takalmi. Ka tsuguna irin tsugunon mai jiran nama, ka ji ko inda fatar ke ninkewa yana cizon saman yatsu. Ka yi minti 15 a ciki kana zagayawa, ko mai kaya ya gaji da kai. In da sabo a tsakaninku, ka roƙi a ba ka sharaɗin dawowa da shi washegari in ba ka fita da shi waje ba.

Ɗaurin igiya da safa

Yawancin waɗannan takalma suna da ƙugiya ɗaya a daidai lanƙwasar idon sawu wadda ke cafke igiya. Amfaninta ka raba ɗauri biyu. Wajen hawa ka tsananta ƙasa, ka ɗan sassauta sama don ƙwauri ya sami sunkuyawa. Wajen saukowa ka tsaya ka sake ɗauri, ka ja na lanƙwasar da na sama sosai, ka nannaɗe igiyar sau biyu a junanta kafin ka wuce ƙugiya ta gaba, yadda ƙafa ba za ta zame gaba ba. Minti biyu ne, amma mutane sun fi son su yi ta tafiya suna cije baki. Ka riƙa ɗaukar igiya ta biyu a jaka.

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ta naɗe a ƙarƙashin ƙafa. Ta ulu ko mai gaurayen ulu da nailan ta fi, kuma ana samunta a tarin safar gwanjo in ka iya tono. Ta wuce bakin takalmi a tsawo. Ka tafi da uku, ka canja da rana. Bayan alwala ka goge ƙafa ta bushe har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa, domin jiƙaƙƙiyar fata ita ce ta fi saurin salewa. Game da shafa a kan huffi, a mazhabarmu ta Malikiyya akwai sharuɗɗa, daga ciki ya zama na fata, ɗinkakke, mai tsarki, ya rufe idon sawu, kuma an sa shi da cikakkiyar alwala. Ka kai takalmin wa malaminka ya duba, don da yawansu gaurayen fata da yadi ne. Ka yanke farce kwana biyu kafin tafiya, mai faso kuma ya fara shafa man kaɗe tun da wuri.

Horar da takalmi kafin ranar fita

Kada ranar farauta ta zama ranar farko. Ka ba shi mako 3 zuwa 4. Kwanakin farko a cikin gida da unguwa, awa ɗaya ko biyu. Daga nan ka tsawaita, ka taka daga Kofar Mata zuwa Kurmi ka dawo. A mako na biyu ka tafi Dutsen Dala da sassafe, ka hau matakala ka sauko, ka maimaita. In ƙafa ta amince, ka koma Goron Dutse, ka bar hanyar da kowa ke bi, ka yanki gefe a kaikaice da jaka mai kilo 8 ko 10 a baya. Yara za su bi ka da kallo, kada ka damu. Ba takalmin kaɗai ake horarwa ba, har da tafiyarka: da mai tauri ana gajarta taku, ana sauke ƙafa gaba ɗaya, a gangara kuma ana kafa dunduniya ko gefe.

Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, ka tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba. In wuri ɗaya ne ke ta cizo, shumeka zai iya buɗa shi da ƙotar katako, ko a ƙara siririyar shimfiɗa in dunduniya ce ke ɗagawa. Amma in bayan mako biyu yatsu na mutuwa ko farce na bugun gaba, ka sayar ka nemi wani. Kada ka bi shawarar masu cewa a jiƙa shi a ruwan zafi ko a gasa shi a bakin wuta, gam ɗin ne zai saki.

Kula da shi

A daji, kafin ka zura ƙafa da asuba ka kife shi ka kakkaɓe, kunama na son ɗumin ciki. In an dawo, ka zare igiya da shimfiɗa, ka goge ƙura da buroshi, ka wanke jini da laka da ruwa zalla, ba omo ba. Ka shanya a inuwa mai iska, ba a kan kwano ba, ba a bayan mota ba. Iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage, don haka ka riƙa shafa masa kakin takalmi siriri-siriri. Man kaɗe yana ciyar da fata, amma in ya yi yawa yana sa ta yi laushi, taurin da ka biya kuɗi a kansa ya tafi, kuma yana ɓata gam a bakin zoben roba, don haka ɗan kaɗan, nesa da roba. Baƙin mai kuwa kada ya kusance shi.

Idan damina ta sauka aka rataye kayan farauta, kada ka ƙulle shi a leda. Ka cusa masa takarda, ka ajiye a wuri mai iska nesa da ƙasa, kuma ka fito da shi ka taka ko sau biyu a wata saboda ciwon nan na PU. Kafin fitar farko ta sabuwar kaka, ka sake yi masa gwajin farce da na murɗawa. In haƙoran dunduniya sun shafe ko bakin sol ya fara ɗagowa, ka kai wa dukawan Kofar Wambai su bi shi da gam da ɗinki tun ana saura mako biyu, don ka sami damar sake gwada shi a Goron Dutse kafin motar ayari ta tashi.